Kawu Mai Aski da Furannin Gwaggo

Shekara talatin da takwas Kawu ya yi yana aski a wani ɗan shago a ƙasan bene, kuma har ya ajiye sana'a bai iya ganin abu ya fi ɗan'uwansa tsawo ya ƙyale ba. Gezar labule ya daidaita ta. Tsintsiya ma sai da ya yi mata gyaran fuska.

Abu ɗaya matarsa Gwaggo ta hana shi taɓawa: tukwanen jabera shida da ke baranda, furanni ja da rawaya masu faɗin bakin kofi. Shekara biyu tana lallaɓa su kafin su buɗe. Suna buɗewa kuwa 'yarsu ta haihu, dole ta tafi mako biyu.

"Ruwa da safe, a gefen tukunya, kar ka zuba a tsakiya su ruɓe," ta ce. "Wanda ya yi yaushi ka tsinke shi daga gindi, sabo ya fito. Malam, shi ke nan fa. Amana na ba ka!"

Wallahi bawan Allah ya yi ƙoƙari. Kwana huɗu yana ba su ruwa hannunsa ɗaya a aljihu. Ran na biyar ya hango wani ɗan ganyen fure ya zarce sauran, yana masa tsaye a rai. Ya ɗauko almakashi, ƙyas! Sai na kusa da shi ya zama dogo. Ƙyas, ƙyas. Ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ai kuwa hagu ya fi dama. Kafin rana ta take, fure goma sha tara sun sha aski tal-kwabo, ba abin da ya rage sai ƙwayar tsakiya kamar maɓallin riga a kan tsinke. Nan tsoro ya kama shi.

Da Gwaggo ta dawo, ta daɗe tsaye a baranda, idonta ya ciko. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

"Zauna," ta ce. "Miƙo almakashin."

Ya miƙa. Ta kama gashin bakinsa ta datse ɓarin hagu, ta bar na dama yadda yake. Ta kwashe almakashi da reza duk ta kulle a akwati.

"Ranar da suka sake fure, ka daidaita."

Mako bakwai Kawu bai leƙa titi ba. Kullum da safe yana tsugune gaban tukwane, hannu a kan leɓe, yana cewa, "Don girman Allah ku fito, ko a karkace ne."