Kiyashin da Gwaggo Ta Gani a Bayan Gida

Gwaggona, ƙanwar babanmu, tun ina goye take da shagon kayan masarufi a ƙofar gida, kuma tun lokacin take yaƙi da kiyashi. Mu a wurinmu kiyashi duk ɗaya ne, amma faɗi haka a gabanta ka sha wa'azi. Akwai jajaye ƙanana masu tafiya a layi, su maiƙo suke bi, gindin jarkar mai nan ne gidansu. Akwai kuma baƙaƙe masu dogayen ƙafafu, ba layi ba tsari, sai gudu kamar an biyo su. Waɗannan zaƙi ne ajalinsu, kuma ba su da mazauni ɗaya, yau suna tsagar bango gobe suna ƙarƙashin buhu. Mukan tsokane ta cewa ta fi sanin dangin kiyashi a kan dangin mijinta. Takan ce ai su ba sa zuwa da fuska biyu.

Mijin nata ciwon suga ne ya ci shi a hankali, ƙafa ta fara tafiya, ido ya biyo baya. Ya bar ta da ɗa guda, Auta, tela ne, yana da mata da jaririya. A shagon nan ya girma.

Wata safiya na je gaishe ta, na tarar shago a rufe. Tana tsugune a bakin bayan gida, inda Auta ya fito bai jima ba. Baƙaƙen kiyashi sun yi dandazo a kan damshin fitsarin da ke siminti.

"Zo ki duba mini, idona ya tsufa," ta ce. "Jajaye ne, ko?"

Na san amsar da take so, na kasa ba ta. Ta aike ni shago na ɗebo mai da suga. Ta ɗiga mai a gefe guda, ta zuba suga a ɗaya gefen, muka zuba ido. Matar da ke gane su daga nesa, yau ita ce ke yi musu jarrabawa. Ko ɗaya bai kalli man ba. Gwaggo ta daɗe a tsugune, sai da na kama hannunta ta iya miƙewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa shayi, ta miƙa wa Auta nasa babu suga. Sai a lokacin na lura da yadda rigarsa ta yi masa yawa. Ya kurɓa, ya tsaya. Ya ƙura wa kofin ido.

"Kin gan su ke nan, Inna."

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun kafin a haifi yarinyar nan. Kullum sai na kora ruwa sosai idan na gama, don kada su taru ki gani. Yau ina sauri, na manta."

Gwaggo ta riƙe bakin zaninta. "Ni ka ɓoye wa?"

"Na ga yadda kika yi jinyar Baba," ya ce. "Na so ki ɗan huta kafin a sake."