Wa Ya Gani da Idonsa?

Shekara tara ke nan da muka binne Malam, maigidana, a Ƙanƙara. Malamin gona ne, yana yawon ƙauyuka daga Ruwan Godiya har Damari a kan wani tsohon babur da ya fi shi taurin kai. Amma abin da ya cinye masa zuciya shi ne rubuta labaran bincike: an yi sata ko kisa, mai karatu ya yi ta laluben mai laifi har shafin ƙarshe. A lokacin da kowa ke rubuta soyayya, shi ya ce sai wannan. Masu sayar da littattafai suka ce ba zai karɓu ba. Ai kuwa sai ga direbobin tasha suna cacar baki kan wanda ya fasa rumbu a littafinsa na farko.

Ni ce mai sauraronsa. Ina ɓarar masara, yana karanta mini, sai ya tsaya ya ce, "To Hajiya, wa ki ke zargi?" Kullum baƙon cikin labarin nake kamawa, ko Bafillacen da ya ratsa gari, ko Bamagujen da ke bakin daji. Sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Haushi ya kan kama ni, wallahi! A littattafansa duka, wanda gari ya fara nuna wa yatsa bai taɓa zama mai laifin ba. Dattijon da ke bincike a labaran kuwa tambaya ɗaya ce makaminsa: wa ya gani da idonsa?

Na kan ce da Malam na raye yau, da me zai rubuta? 'Yan bindiga sun hana mu gonakin nesa. Tsoro ya sa kowa na kallon maƙwabcinsa a karkace, kuma da an ce wane infoma ne, wato mai kai musu rahoto, to ransa na hannun Allah.

Da daminar bara abin ya zo ƙofar gidanmu. Aka ce an ga Ɗanjuma, wani baƙon ɗan acaɓa da ke haya a bayanmu, ya nufi daji da buhun burodi. Da hantsi sai ga samari da gorori sun kewaye shi, matarsa na ihu. Na zura hijabi na fita. Jagoransu Sani ne, wanda ya karance littattafan Malam kaf, har yau ma bai maido mana biyu ba.

Na ce, "Kai Sani, wa ya gani da idonsa?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ai kowa ya sani."

Na ce, "Ban tambaye ka kowa ba. Nuna mini mutum guda."

Ya nuna mai shayi. Mai shayi ya ce a tasha ya ji. Na tasha ya ce shi dai burodin ya gani, dajin kuwa ƙarawa aka yi. Kafin a gama wannan zagayen, ga surukin Ɗanjuma ya iso a guje yana cewa burodin bikin sunan jikarsa ne, rabin unguwarsu sun ci. Sani ya sunkuyar da kai, gorar ta zame daga hannunsa.

Littattafan Malam sun yi wuyar samu yanzu, gara ma ta ci wasu a ɗakina. Bai yi sunan da ya kamace shi ba, kuma hakan na yi mini ciwo. Amma kullum da safe Ɗanjuma na wucewa da ɗiyarsa a kan tankin babur, ya rage gudu ya ce, "Hajiya, ina kwana." Malam bai taɓa saninsa ba. Allah Ya jiƙan ka, Malam. Wannan karon ban kama baƙon ba.