Lackson Chipampe, Makaɗin da Aka Binne Shiru

Haihuwa da karatu

An haifi Lackson Chipampe a shekarar 1951 a garin Mufulira, cikin gidajen ma'aikatan mahaƙar tagulla. Mahaifinsa, Zakeyo Chipampe, mai fasa dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, mahaifiyarsa Belita Nsofwa kuwa tana sayar da busasshen kifi. Ya shiga makarantar mishan a 1958, inda ya ƙware a fiyanon coci, irin wanda ake hura wa iska da ƙafa, har zuwa 1967 da aka sallame shi bisa laifin cusa kiɗan rawa cikin waƙar ibada.

Sana'a da alkawari

A 1971 shi da abokansa huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗan zamani da ake kira rok, mai suna Impashi, wadda ta yi tashe daga Kitwe har Lusaka. Da mai gangarsu ya rasu a hatsarin mota a 1976, suka ɗora kayan kiɗa a akori-kura suka yi masa kiɗa a bakin kabari, suka kuma ƙulla alkawarin cewa duk wanda ya riga mutuwa, sauran za su raka shi haka nan. Lackson ya ɗauki wannan alkawari da muhimmancin da bai ba wa komai ba a duniya. Gondwe, mawaƙin ƙungiyar, yakan tsokane shi da cewa, "Kai Lackson, da wannan ramar taka ai kai ne na gaba, zaɓi waƙarka tun yanzu."

Aure da jarrabawa

Ya auri Esnart Mumbi a 1977, cikin shekarun da darajar tagulla ta faɗi, dokar hana fita ta kashe wuraren rawa, ƙungiyar ta watse, shi kuma ya koma gyaran rediyo. Tsakanin 1987 da 1993 cutar ƙanjamau ta ɗauke sauran abokansa uku bi da bi. Ya cika wa kowa alkawari. Na ƙarshensu Gondwe ne, wanda ya yi wa kiɗa shi kaɗai da fiyanon aro da ya turo a baro daga coci, kuma bai ƙarasa waƙar ba saboda kuka.

Daga wannan rana ya haramta kiɗa a gidansa. Da ya tarar da 'yarsa Chileshe tana danna fiyanon maƙwabta, sai ya ce mata, "Abin nan ya cinye mini mutum huɗu. Ki sake taɓa shi, ki nemi wani uban." Kuskure ne babba, domin da bakinsa ya kori wadda za ta raka shi kabari da kiɗa.

Ƙarshen rayuwa

A 2009 ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A lokacin ne ya farga, ya roƙi Chileshe ta zauna ya koya mata ko da waƙa ɗaya, amma hannun da zai nuna mata ya riga ya mutu.

Ya rasu ranar 3 ga Maris, 2011, yana da shekara sittin. An binne shi a maƙabartar Mufulira bayan gajeriyar addu'a, ba a kaɗa masa komai ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Chileshe, malamar asibiti, Musonda, direba, Kangwa, tela, da Mapalo. Dukansu sun bi umarninsa, babu wanda ya iya kiɗa.