Kumburin da Na Ɗauka Fushi Ne

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun farko. Shekaru sun wuce, amma abin da ya sami matata tana da cikinmu na uku ba zai taɓa fita raina ba.

Dillalin bisashe nake a kasuwar Dakoro. Ranar kasuwa nakan shigo mata da balangu, sai na lura ta daina ci, yara take miƙa wa. Dariya ma ta daina. In na yi magana sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa da kai. Na yi ta tunanin abin da na yi mata, na rasa. Sai na ce fushi ne, ni ma na ɗaure fuska.

Alhali ta taɓa gaya mini. "Malam, haƙorina na damuna, ko in tafi likita?"

Na ce, "Haƙori kawai? Sa kanumfari."

Inna, mahaifiyata, ta ƙara mini ƙarfi. Ta ce, "Ciki ne ke cin haƙori. Dubi bakina, ku kuka cinye su. Kuma ba a taɓa haƙorin mai ciki, cikin zubewa yake." Wata maƙwabciya ta ce tsutsa ce, a yi mata hayaƙi. Wata ta kawo ruwan batir a auduga. Duk wadda ta yi magana sai in ga ita ke da gaskiya.

Wata safiya ta tashi kuncinta ya kumbura har ido ya rufe, jiki zafi rau, ko kunu ba ya wucewa. Na goya ta a babur zuwa asibiti. Malamar da ta duba ta ta ce tun yaushe, na ce shekaranjiya. Matata ta girgiza kai, da ƙyar ta ce, "Tun girbin gero." Mu kuwa muna tsakiyar bazara.

Malamar ta dube ni. "Malam, mi kake sana'a?"

"Dillancin bisashe."

"To ko rago za ka saya, ai kana buɗa bakinsa ka duba."

Ta ce ruɓa ce ta yi ƙwari, da mun ƙara jinkiri sai ta shiga jini ta taɓa cikin. Cikin da muke cewa muna karewa, ashe shi muka kusa kashewa. Aka tsage wurin, aka ba ta magani, daga baya aka cire haƙorin a Maraɗi. Allah ya sauke ta lafiya.

Abin da na koya shi ne, macen da ba a taɓa gaya wa ciwon haƙori na kai mutum kwance ba, kuma fitarta na hannun miji, sau ɗaya za ta nemi zuwa likita, sauran ta haɗiye.

Sai bayan suna na iya buɗa baki. Na same ta tana shayar da jaririyar, na ce, "Uwar yara, kin gaya mini ban ji ba, na kuma ɗora miki fushin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."