Gurbi Na Huɗu A Fom Ɗin Baba

Shekarar da aka shigar da malaman makaranta cikin inshorar lafiya, Baba ya dawo da fom ya miƙo mini, domin rubutuna ya fi na kowa tsabta a gidanmu na Tambuwal. Gurbin 'ya'ya huɗu ne. Ya faɗi sunana da na ƙannena biyu, ya yi shiru.

Yayana ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko Inna ba, "wancan" suke cewa. Yana Fakku yana kiwo wurin Baffa, wan Baba, wanda ya ɗauke shi tun yaye. Na jira da biro a hannu. Kunya ta hana Baba faɗa, ni kuma na kasa tambaya. Na ɗauko rula na ja layi a gurbin, don kada a ce mun bar wuri.

Da damina aka kawo Yaya a babur, an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi. Likita ya ce zazzaɓi ya huda hanji, sai an yi aiki. Matar da ke duba kati ta bincika sau biyu, ta ce ba ya ciki.

A barandar asibiti muka zauna, ni da Baba da Baffa.

"Malam, duk wata ana yanke maka albashi," in ji Baffa. "Kai ka ce muna an ɗauke nauyin gida. Wanga ba ɗan gida ba ne?"

"Sai wanda anka rubuta," in ji Baba.

"Wa ya yi rubutun?"

Baba bai dube ni ba. "Ni ne ban faɗi ba."

Wani tsoho mai jinyar matarsa ya sa baki, ya ce ai gwamnati ya kamata ta ɗauki kowa, da kati ko babu.

"Da can in mutum ya kwanta, dangi ka tashi," in ji Baffa. "Yanzu kun miƙa wa takarda."

"Dangin da sunka yi sati suna shawara sa'ad da tsohuwarmu ta kwanta?" in ji Baba.

"Kai ka haihe shi."

"Shanunka yake kiwo."

Ina zaune ina kallon tururuwa na jan ƙwayar gero a gefen takalmina. Ban ji komai a raina ba. Na lura dai ruwan da ake ƙara wa Yaya ya kusa ƙarewa, na je na gaya wa nas.

Da la'asar Baffa ya miƙe ya ce zai sayar da bijimi. Ranar kasuwa saura kwana biyu, albashin Baba kuma bai shigo ba. A rana ta uku aka shiga da Yaya ɗakin aiki. Ya farfaɗo, ya nemi fura, aka ce ba yanzu ba. Ya ƙara kwana ɗaya, ya cika.

Ni aka aika in kwaso kayansa: tabarma, buta, da sandar kiwo da ya zo da ita. Na ɗaure su da igiya, na tsaya bakin titi ina jiran babur.