Allurar Jif Ɗin Baba

Shekarar da ƙodar Baba ta gaza na fara tuƙa jif ɗinsa. Tsohuwar mota ce koriya mai dogayen ƙafafu, da ita ya yi aikin malamin gona a ƙauyuka, da ya yi ritaya kuma ya saye ta a gwanjo. A unguwarmu ta Kwarbai babu wanda bai san kukanta ba. Litinin da Alhamis nake kai shi asibiti wankin ƙoda, ƙarfe takwas na safe. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuwa ga su nan birjik. Idan aka kira sunanka ba ka nan, wani zai hau, kai kuma sai ranarka ta sake zagayowa.

Ni mutum ne mai saurin firgita, ban taɓa musun haka ba. To, ana kukan targaɗe sai ga karaya: allurar da ke nuna zafin inji ta soma rawa. Tana zaune a tsakiya lafiya lau, sai ta zabura ta taɓo ja, ta dawo, ta sake zabura. Tun ina ɗan makaranta na ji Baba yana cewa motar da ta tafasa aka ci gaba da tuƙa ta, injinta ya gama aiki. Wannan magana ta zauna mini daram a kai. Sai na koma tuƙi da ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura.

Wata Alhamis, kafin mu kai Ƙofar Doka, ta hau ja sau uku a jere. Na gangara gefe na kashe mota, na buɗe bonet, na tsaya jiran ta huce. Baba yana kwance a kujerar baya, ido rufe. Da na gaya masa dalilin tsayuwar, ya ce shi dai bai ji ƙaurin zafi ba. Na ɗauki maganar a ta mara lafiya, na ci gaba da jirana har rabin awa. Muka isa an riga an ba wani gadonsa.

Kwana huɗun da suka biyo baya ba na son tuna su. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A zaune yake salla, numfashinsa kuwa daga zaure ana jin sa. Inna ba ta ce mini komai ba, ta dai riƙa ajiye mini abinci tana ɗaukewa yadda ta ajiye. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na shiga yawon makanikai. Wani a Tukur-Tukur ya wanke lagireto, ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji, ya ciro wani ɗan murfi da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefar da shi, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu nan Allah ya wadata mu da rana. Wani a Tudun Jukun ya canza ɗan ƙarfen da ke auna zafin, ya rantse an gama. Duk wanda ya gyara sai mu hau babban titi gwaji, allura ta kwanta kamar ba ita ba. Ina shigowa cikin birni ta tashi. Dukansu bakinsu ɗaya: lungunan birni ne, tafiyar hawainiya ke hana inji shan iska. Maganar ta yi kama da gaskiya, shi ya sa na yarda.

Abin da ban lissafa ba shi ne gaisuwa. Baba bai taɓa wuce majalisa ko ƙofar masallaci ko shagon tela bai danna hon ya ɗaga hannu ba. Da ya kwanta, ya ce in riƙa yi a madadinsa, kada a ga motarsa ta wuce shiru a ce ciwo ya sa shi girman kai. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin ganuwa sai in yi gaisuwa ashirin, wata ma ta dattijai sai an ja ta da tsawo.

Ranar wata Litinin cikin damina muka tashi da hadari, gari ya yi duhu, ruwa ya sauko. Baba ya ce yau gaba zai zauna. Na kunna fitilu da waifa mai share gilashi muka fita. Tun kafin mu bar Kwarbai allura ta hau ja, wannan karon kuma ta ƙi saukowa. Na duba agogo, bakwai da minti ashirin. In na tsaya, an maimaita waccan Alhamis. In na ci gaba inji ya ƙone a hanya, ina zan sami wanda zai ɗauki dattijon da ba ya iya hawa babur a cikin wannan ruwa? Tsoro nake ji ƙwarai, irin wanda ban taɓa ji ba. Na gangara gefe zan kashe mota.

Baba ya ce, "Bar ta tana aiki. Kashe fitila."

Na kashe, allura ta sauko rabi. Ya ce in kashe waifa, ta koma tsakiya ta zauna. Ya miƙa hannu da kansa ya danna hon, ta yi tsalle ta dawo.

"Kai da karatunka," in ji shi, "ka taɓa ganin tukunyar da ta tafasa ta huce kafin ka ƙifta ido?"

Ya bayyana mini a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Akwai wata waya mai kauri da ta haɗa inji da gangar jikin mota. In ta saki ko ta yi tsatsa, duk abin wutar da aka kunna sai ya rikita allurar, ta nuna zafin da babu shi. Ya kwatanta mini wurin, ƙasan batir ta hagu. Na ce ba ni da abin ɗaurewa. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro ƙaramar sifana, wadda riƙo ya goge ta har tana ƙyalli.

Na fita cikin ruwan na leƙa. Ga wayar nan tana lilo, notin ya saki, tsatsa ta yi masa kore. Na kankare da bakin sifanar, na ɗaure iya ƙarfina. Na dawo jiƙe sharkaf, na kunna fitilu, na kunna waifa, na danne hon har mai shayin da ke gefe ya ɗago hannu yana amsawa. Allura ko motsi ba ta yi ba.

Sai da muka hau titi fushi ya zo mini, don tsoro ya ɗan sake ni. Na tambaye shi me ya hana ya faɗa tun wuri, ya bar ni ina yawon gareji mako uku.

"Duk shigar damina ni nake ɗaure ta, ban taɓa sa kowa ba," in ji shi. "Ranar Talata da ka tafi aiki na fito na gwada. Hannun ya ƙi."

Na ci gaba da tuƙi har muka isa. Saura minti shida takwas na tura shi a keken marasa lafiya zuwa ƙofar ɗakin wankin. Aka kira sunansa, muryarsa ba ta fita sosai ba, na amsa masa da ƙarfi. Kafin ma'aikaciyar jinya ta shige da shi na goge sifanar a rigata na miƙa masa. Ya dube ta, ya dubi hannunsa da ya kumbura a kan cinya, ya ce in bar ta a aljihuna.