Awarar da Kaka Take Ci Yau Ta Ƙi Gobe

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da nake lise, wato babbar sakandare, a Diffa, kuma mafi yawansu yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma labarin kakata da awarar zuma, ko na tsufa haƙora sun zube ba na jin zai fita daga raina, don ban taɓa shiga ruɗani irin na waɗancan makonni ba.

Kakata ce ta wajen uwa, mutuniyar Baroua, wani ƙauye a bakin tafki. Da zama ya gagara a can saboda tashin hankali aka kawo ta gidanmu. Gidan ɗaki biyu ne, ita kuwa ta ce ba za ta kwana a ɗakin da ya haɗa bango da na surukinta ba, wato mahaifina, sai aka kafa mata rumfar zana a gefen tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Inna ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ba sa doguwar magana, ko sunanta Kaka ba ta kamawa. Baba kuma daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta da safe, ta amsa daga bayan zana. Ni kaɗai nake shiga rumfar yadda na ga dama, don ni jika ne, kuma mijinta, kamar yadda take tsokanata. Takan ce duk mazan duniya an rasa wanda za a ba ta sai wanda ba ya iya ɗaga kai daga takarda.

Damuwarmu ita ce Kaka ta daina cin abinci. Tuwo, shinkafa, burabusko, duk abin da aka kai mata loma biyu take yi ta ture. Ta rame har munduwar hannunta ta fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Da muka kai ta asibiti, lokotoro ya ce jininta ya yi ƙasa, kuma magani kaɗai ba zai yi ba; in ba ta fara ci ba, zuwa na gaba sai ya kwantar da ita. Kaka ta jira sai da muka fito sannan ta ce mini in aka kwantar da ita a wurin nan, to a shirya likkafani. Ba da wasa ta faɗa ba, na kuma san hakan.

Ba ni da ƴar'uwa mace a gida, don haka tun ina ƙarami ni nake taya Inna aikin awara. Na iya jiƙa waken suya, in kai markaɗe, in tace, in tsaya kan tukunya har a zuba ruwan tsami ta dunƙule. Kaka ba ta taɓa kula awararmu ba, takan ce cukun ƙarya ne. To a kwanakin nan ne wani ɗan ajinmu, ɗan wani soja da aka turo daga yamma, ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wata mata ce a wata ƙasa mai nisa take soya awara, ta juya ta cikin wani abu mai yauƙi kamar zuma, ta barbaɗa riɗi. Ko kalma ɗaya ban ji ba cikin abin da take faɗa. Amma na san Kaka da son zaƙi, na kuma san ta da son ƙanzo da ƙananan kifi da aka soya suka bushe, irin waɗanda ta saba ci a bakin ruwa. Na roƙe shi ya maimaita mini bidiyon har ya gaji ya karɓe wayarsa.

Da na faɗa wa Inna abin da nake so in gwada, ta dube ni ta ce, "Awara da zuma? Saura ka zuba wa miyar kuka sukari." Amma ta bar mini murhu.

Na danne awarar da dutse fiye da yadda muka saba, har ruwan ya fita sarai. Na yanka ƙanana, na mulmula su cikin garin rogo mai laushi, na soya, na kwashe, na bari suka sha iska, na sake mayar da su cikin mai. A wani ƙaramin kasko na narka zuma da ɗan citta da garin jan tattasai, wanda ba ya yankewa a gidanmu tun da fataucinsa Baba yake yi. Na juya awarar a ciki, na watsa soyayyen riɗi. Ta fito ja tana sheƙi, bayanta ƙaras-ƙaras, cikinta da taushi. Na kai wa Kaka da zafinta bayan la'asar, na ajiye, na koma kan karatuna, don bak, jarrabawar gama lise, tana tafe.

Da na dawo ɗaukar kwano, ko ƙwayar riɗi babu a ciki. Kaka tana lasar yatsa ta ce ashe mijin nata yana da amfani, da ta kusa neman saki. Inna ta ga kwanon, sai na ga ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

Kashegari na yi irinta sak. Kwanon ya dawo kamar yadda na kai shi.

Na tambaye ta ko lafiya, ta ce zaƙin ya yi yawa. Na rasa yadda aka yi, tun da cokalin da na auna zuma da shi jiya da shi na auna yau. Amma na rage. Ta ƙi ci, ta ce wannan ai babu zaƙi, ko rowa nake mata? Na mayar da zumar yadda take da fari, ta cinye tas har tana tambayar ko akwai saura. Na yi murna na ce na gano ma'auni. Kwana biyu tana ci, a na uku ta ture, ta ce haƙorinta ke ciwo. Da safiyar ranar kuwa da idona na gan ta tana fasa busasshiyar aya da haƙoran nan.

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa in kana neman dalilin abu, to ka riƙa canza abu ɗaya kawai ka bar sauran yadda suke. Haka na dinga yi. Na sa dabino a madadin zuma. Na cire citta. Na canza mai, na canza wurin mai markaɗe, har na zargi ruwan tsamin Inna, abin da ya sa ta yini ba ta yi mini magana ba. Wata rana awarar ta ɗan ƙone, na kai ina jin kunya, Kaka ta cinye. Wata rana ta yi kyan da ban taɓa yin irinsa ba, ta ce tana warin hayaƙi. In ta ƙi ci da zafi kuma shi ke nan, don da ta huce take saki, sai Kaka ta ce ta zama tsumma, ta miƙa wa yaran maƙwabta. A aji malami yana bayani ni ina lissafin garin rogo. Har na fara tunanin ko tsufa ne ya taɓa mata kai, na kuma ji tsoron faɗa wa kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranakun ƙin sun fara fin ranakun ci yawa, ga ranar komawa asibiti tana matsowa.

Yanzu in na tuna ina mamakin kaina. Komai na bincika a cikin kasko, amma ban taɓa zama na ga yadda take ci ba. Ajiyewa nake in tafi.

Wata Asabar na ce yau sai na ga a lomar da take ɓata fuska. Na kai mata, na zauna a bakin tabarmarta. Ta ce yau kuma gadi aka sa ni? Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki, ƙurus-ƙurus, ta lumshe ido. Ta ci ta biyu, ta ci ta uku, tana ba ni labarin yadda suke shanya kifi a Baroua. Ta jefa wata ke nan sai muka ji gyaran muryar Baba a zaure, ya yi sallama, ya shigo da buhunansa da basilla. In yana gari nan yake zama, a inuwar darbejiya jikin zanar Kaka, yana ɗinke bakin buhunan tattasai.

Kaka ta tsaya cak. Bakinta a cike, kumatu ya kumbura, ba ta tauna ba, ba ta haɗiye ba. Na ce, "Kaka?" Ta zaro mini ido. Na ga hawaye ya taru mata, ina jin citta ce take cin harshenta, amma ni a lokacin abu ɗaya ne ya zo mini: ta shaƙe. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni na miƙe ina kiran Baba da ƙarfi, ina cewa ya zo Kaka ta ƙware.

Baba ya watsar da basilla ya taho a guje, ya iso bakin rumfar ya ja birki, don bai taɓa shiga ba. Ya tsaya yana tambaya daga waje ko a nemo mota. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta juya wa ƙofa baya. Inna ta zo da kofin ruwa ita ma ta tsaya daga gefe ta miƙo mini. Ni kuma ina bubbuga bayan Kaka tana ture hannuna. Da ƙyar, daga cikin mayafi, ta ce lafiyarta lau, a ce wa maigidan ya koma aikinsa.

Sai da aka kira magariba Baba ya fita masallaci sannan ta yaye mayafin. Ta kama kunnena ta murɗa.

"Kai dai mijin banza ne," in ji ta. "So kake ubanka ya ji ni ina gurza kamar akuya ta samu kara? Zana ce fa tsakaninmu, ba bango ba."

Na ce to ai sai ta faɗa mini tun farko.

"In faɗa maka me? In ce ka kori mutum daga inuwar gidansa don tsohuwa za ta ci kwaɗayi?"

Ko da na ji dalilin, ruɗanin bai ƙare ba, don ban san abin yi ba. Na gwada yi mata mai taushi wadda ba ta ƙara, ta ce wannan ai cukun ƙaryar nan ne aka shafa wa zuma. Na kai maganar wurin Inna, ta ce ta daɗe tana zargin haka, amma ita da wane baki za ta ce wa mijinta ya bar tsakar gidansa, da wane baki kuma za ta ce wa uwarta ta yi tauna a kunnen suruki? Ta ce ni ne jika, ni ne ɗa, bakina ya fi nata tsawo a wannan magana. Ni kuwa ban taɓa fara yi wa Baba zance ba in ba shi ya tambaye ni ba.

Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. A tasha na samu dama, ranar da na raka shi ana loda buhuna, ƙurar tattasai tana sa kowa atishawa. Na faɗa a hargitse, ina kallon ƙasa, na fara da garin rogo na ƙare da zana. Baba ya tsaya da igiya a hannu yana kallona har na ɗauka ransa ya ɓaci.

Can ya ce, "Ikon Allah. Ni fa saboda ita na rage fita."

Ashe tun da ya ji maganar lokotoro ya daina zuwa ƙauyukan bakin kogin Komadugu sayen tattasai yadda ya saba, ya riƙa aika wani. Ya ce ba ya iya shiga ya duba ta, ba ya iya tambayarta jiki fiye da gaisuwa, sai ya ga abin da zai iya shi ne ya zauna kusa, ko da wani abu zai taso a same shi. Wato duk ramar da take yi tana ƙara zaunar da shi a gida, zamansa kuma yana ƙara hana ta ci. Ya share fuska da hannu, ya yi ƴar dariya, ya ce kada in kuskura in gaya mata mun yi wannan magana.

Daga ranar, da na ɗora kasko Baba yake tattara buhunansa. Sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, wai da Inna yake, ya ce zai je ƙofar gida wajen maƙwabta, ba zai shigo ba sai bayan magariba. Can yake zama cikin rana rabi inuwa rabi yana ɗinkinsa. Kaka takan saurara har ƙarar takalminsa ta ɓace, ta jawo kwano. Da ta saba da cin awarar sai cikinta ya buɗe, ta fara karɓar tuwo da romon kifi. Da muka koma asibiti lokotoro ya duba idonta da tafin hannunta, ya ce mu ci gaba da abin da muke yi, bai kwantar da ita ba.

Ban sani ba har yau ko ta gane. Abin da na sani shi ne wata rana tana cikin ci ta ce mini surukin nan nata mutumin kirki ne, amma ya cika yawo, in riƙa yi masa faɗa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya wahala da gaske a kan taimakon wani alhali bai san abin da ke damunsa ba, musamman a gida irin namu da kunya take hana manya faɗin abin da ke ransu. Ni da Baba duk alheri muke nufi, kuma da wuya mu gane da ban zauna a tabarmar nan ba. Tun daga lokacin, in na kai wa marar lafiya ko tsoho abinci, ba na ajiyewa in juya. Nakan nemi wuri in zauna tukuna.